Inda Ka Kwana Wata Uku, Nan Ne Paris Ɗinka



Cikin daminar da ta wuce an tashe ni da tsakar dare, aka kai ni wani gidan haya a bayan gari, wurin wani dattijo da ke bakin mutuwa. Na shafa masa mai mai tsarki, kafin asuba ya cika. Da gari ya waye na buɗe littafin paris, ban sami sunansa ba. Ashe shekara shida yana cikinmu, yana zuwa Misa, ya zauna a bencin baya, ya fita kafin sanarwa. Ba zumuntar da ta san shi. Da na tambayi 'yarsa dalili, sai ta ce, "Fada, ai mu ba 'yan nan ba ne, cocinmu yana gida."

Wannan magana ta daɗe tana damuna, gama na san ba su kaɗai ba ne.

Karɓar baƙi ba sabon abu ba ne a Kafanchan. Tun da layin dogo ya iso wajen 1927, garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga kudu da arewa, Fantswam kuwa suka zauna tare da su. A 1995 aka ba mu dayosis namu. Har yanzu garin yana faɗi: gonar da aka shuka dawa bara, bana an yanka ta fuloti. Waɗansu makaranta ta kawo su, waɗansu neman abinci, waɗansu kuma, abin baƙin ciki, sun gudo ne daga ƙauyukan da mahara suka ƙone.

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne. Amma raɓa ba ta shekara shida. Ku tuna da wasiƙar annabi Irmiya a sura 29. Mutanen Yahuda da aka kwashe zuwa Babila sun ƙi kwance kaya, suna tsammanin gobe ko jibi za su koma. Annabin ya faɗa musu zaman zai kai shekara 70, ya umarce su su kafa gidaje da gonaki, su yi aure, har ma su yi wa birnin addu'a. In Allah ya nemi wannan daga bayi a ƙasar maƙiyansu, ina ga kai da kake tsakanin 'yan'uwanka masu baftisma ɗaya?

Dokokin Ikilisiya na 1983 ma sun yanke maganar. Bisa ga doka ta 102 da ta 107, wanda ya zauna a wuri wata uku, ko ya zo da niyyar yin haka, ya riga ya sami paris da fada mai lura da shi a can. Ban ce ku manta da gida ba. Ku je Kirsimeti, ku aika da godiyar kaka, ni ma ina yi. Sai dai ranar da ɗanka zai nemi aure, ko ciwo ya kwantar da kai, ba fadan ƙauye ne zai ji kuka da dare ba.

Ku kuma tsofaffin gari, laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Mutum yakan zauna kusa da ku Lahadi ashirin ba wanda ya tambayi sunansa, domin ba ya jin yarenku. Masu gidajen haya, wanda ya gudo da tabarma kaɗai, kada ku nemi kuɗin shekara biyu a hannunsa lokaci ɗaya.

Ranar Lahadi mai zuwa, bayan kowace Misa, katikis zai zauna a ƙofar coci da littafin paris. Ku zo da katin baftisma. Wanda nasa ya ƙone ko ya ɓace, shi ma ya zo, za mu rubuta wa paris ɗin da aka yi masa baftisma. Shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su tsaya nan tare da katikis.