Zariya ko Kano: Da Wane Mudu Ake Auna Makarantar Lauya?

Duk shekara idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, yaron da ke son karatun lauya a ƙasar Haɗejiya yakan tsaya tsakanin ƙofa biyu: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Mafi yawan mutane suna ɗaukar zaɓin nan a matsayin lissafin maki da kuɗin mota. A nawa ganin al'amarin ya wuce nan, domin wanda ya zaɓi inda zai koyi shari'a, ya fara zaɓen mutanen da zai tsaya wa ke nan.

Kowace daga cikinsu tana da abin tinƙaho. An kafa ta Zariya a 1962, tsangayarta ta shari'a kuwa tana Kongo, inda tun gab da samun 'yancin kai aka riƙa horar da alƙalai domin aiki da dokar Final Kot ta 1960. A can ɗalibi yakan zaɓi ɓangaren dokar boko, ko wanda ya fi ƙarfafa Shari'ar Musulunci. Kano kuwa ta daɗe da wannan karatu. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai da malamai 'yan Sudan, wadda ta yaye irin su Shehu Abubakar Gumi. Jami'ar Bayero, da ta tsaya da ƙafarta a 1977 bayan ta yi zaman reshe ƙarƙashin ta Zariya, tana haɗa dokokin biyu cikin digiri guda. Ashe dai uwa da 'ya ne. Bugu da ƙari, bayan shekara 5 duk wanda ya gama sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta ƙasa, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda. Riga ɗaya za su sanya a ƙarshe.

To, idan rigar ɗaya ce, da me za a auna? Mu ɗauki ɗan Baturiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da fadama ta saba da ita ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da makiyayi da masunci suka takure a wuri guda. Rigimar gona guda takan taɓa doka biyu. Rabonta tsakanin magada aikin alƙali ne bisa Malikiyya, amma mallakarta tana ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna. Ga kuma gandun da hukuma ta keɓe, wanda duniya ta san da zamansa saboda tsuntsaye, alhali mai saran ice bai iya karanta dokar da za a kama shi da ita ba. Mutanen da suka sayar da shinkafa da kifi suka biya wa yaro makaranta suna bin sa bashi, kuma hanyar biya ita ce ya dawo yana jin harshen kotunan biyu. Zai iya samun wannan a Kano, zai iya samu a Zariya, in dai da wannan niyya ya zaɓi fanni.

Wani zai ce, ai zalunci ne a ɗaure matashi da igiyar ƙauye; in yana da hazaƙar kai wa Kotun Ƙoli, don me za a tsayar da shi a Kiri Kasamma? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma zaman Zariya cikin kowace ƙabila ta Nijeriya ilimi ne mai zaman kansa. Amma biyan bashi bai hana tafiya ba. Kogin Haɗejiya ma yakan nausa gabas, sai dai ba ya wucewa bai shayar da fadama ba. Abin da nake ƙi shi ne zaɓe saboda suna kawai, a tilasta wa uba jinginar da gona don a ce ɗansa yana wuri kaza.

Mu marubuta muna da hannu a nan. Sau nawa muka ƙirƙiro barista a littafi, muka ba shi mota da gida da budurwa, amma ba mu taɓa nuna shi tsaye a bayan wata gwauruwa da aka cinye wa gado ba? Yara suna karantawa, suna kuma zaɓe da abin da muka ƙawata musu.

Saboda haka yaro ya fara tambayar kansa wa zai kare, sannan ya dubi aljihun mahaifinsa, suna ya zo daga baya. Allah Ya sa mu dace, amin.