Haƙƙin Ɗan Aike A Daren Tsananin Sanyi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya zafi da sanyi su zama ayoyi ga masu hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah da suka bi sawunsu.

Bayan haka, akwai mas'alar da take yawan tasowa ga ƴan uwa da karatu ko neman halali ya kai su ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Amurka da Faransa. A can, mutum yana zaune a ɗakinsa zai buɗe manhaja a wayarsa, kamar Uber Eats ko DoorDash, ya zaɓi abinci ya biya, kafin awa guda a buga masa ƙofa. Ranar da gari yake lafiya babu mai tambaya. To amma ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, iska tana kaɗawa, hukuma tana roƙon jama'a su zauna gida, shin ya dace muridi ya danna waya ya fitar da wani bawan Allah cikin abin da shi kansa ya guje wa?

Asalin hukunci

Aiken mutum ya sayo abinci a biya shi lada halas ne. Malaman fiƙihu suna sanya shi a babin wakilci da babin ijara, wato ƙwadago. A cikin Suratul Kahfi, lokacin da samarin kogo suka farka daga barcinsu, sun tura ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya nemo musu abinci mafi tsarki, kuma malaman tafsiri sun kafa hujja da wannan a kan halaccin wakilci. Abin lura shi ne, ba su sallame shi da kuɗi kawai ba. Sun yi masa wasiyya ya bi a hankali, kada ya bari a gane su, saboda sun san akwai haɗari a kan hanya. Masu aike sun yi tunanin hanyar ɗan aikensu tun kafin ya fita.

Saboda haka ba a cewa wanda ya yi odar abinci a ranar sanyi ya aikata haram. Sai dai mutumin ɗariƙa ba ya tsayawa a bakin halacci ya ce ya gama. Shari'a ta buɗe masa ƙofa, tarbiyya kuma tana tambayarsa da wane ladabi zai shiga.

Wane ne yake kan hanya?

Illar waya ita ce tana ɓoye fuska. Abin da mai oda yake gani shi ne wata ƴar alama tana tafiya a kan taswira, da mintocin da suka rage. Bayan alamar nan kuwa akwai ɗan Adam mai yatsu da kunnuwa da huhu.

A birnin New York kaɗai, hukumar birnin ta ƙiyasta masu kai abinci sun haura 60,000, mafi yawansu baƙi ƴan ci-rani a kan keke mai batir ko ƙaramin babur. A cikinsu akwai ƴan Afirka ta Yamma da yawa, daga Gini da Senegal da Mali da maƙwabtansu, haka ma a Paris. Ba abin mamaki ba ne wanda ya hau bene da ledar abinci a hannu ya kasance shi ne wanda aka haɗa gwiwa da shi a da'irar wazifa ranar Juma'ar da ta gabata. Galibinsu ba ma'aikata ne masu albashin wata ba. Gwargwadon aiken da mutum ya kai, gwargwadon abin da zai samu, kuma in ya faɗi ya karye, kwanakin jinyarsa kwanaki ne na babu. Sai a watan Disamba na 2023 New York ta fara aiki da dokar mafi ƙarancin lada gare su, dalar Amurka 17.96 a awa.

Sanyin can kuma ya wuce abin da aka sani a hunturu. A Montreal ma'auni yana sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Wanda yake kan keke yana jin fiye da haka, domin iskar gudu tana kwashe ɗumin jiki. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ga ƙanƙara mai santsi da take shimfiɗuwa a kan kwalta ba a ganinta, ga batir da yake saurin mutuwa cikin sanyi. A watan Disamba na 2022, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe birnin Buffalo da kewayensa, hukuma ta hana tuƙi, motocin asibiti suka maƙale, fiye da mutum 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a gefen hanya.

Abin da Sunna ta koyar game da sanyi

Musulunci ya ɗauki sanyi a matsayin uzuri na gaske. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya yi kiran sallah a wani dare mai sanyi da iska, ya sanar da mutane su yi sallah a masaukansu, ya kuma faɗa cewa haka Manzon Allah (SAW) yake umartar ladani a irin wannan dare. Amru ɗan Asi (RA) ya yi taimama a wani yaƙi saboda tsoron wanka zai halaka shi don sanyi, kuma da aka gaya wa Annabi (SAW) bai tsawata masa ba. To, idan Ubangiji Ya sauƙaƙa wa bawa fitowa zuwa ɗakinSa saboda sanyi, yaya bawa zai kasa sauƙaƙa wa ɗan uwansa fitowa zuwa ƙofarsa saboda kwaɗayin soyayyar kaza?

Mafi kusa da wannan mas'ala shi ne abin da ya faru a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. A wani dare mai iska da sanyi mai tsanani, Annabi (SAW) ya nemi wanda zai je ya gano halin da rundunar maƙiya take ciki. Ya maimaita har sau uku, tare da alkawarin zama tare da shi ranar Ƙiyama, babu wanda ya motsa, saboda tsananin daren. Sai ya kira Huzaifa ɗan Yamani (RA) da sunansa. Huzaifa ya ce ya yi tafiyar yana jin ɗumi kamar yana cikin ɗakin wanka mai zafi, amma da ya dawo ya ba da labari sai sanyi ya kama shi. Annabi (SAW) ya lulluɓe shi da ragowar mayafin da yake sallah da shi, ya bar shi ya yi barci har asuba.

A wannan ƙissa akwai ma'auni guda uku. Aiken ya kasance don larura ce da ta shafi rayukan Musulmi. An yi wa ɗan aike alkawarin lada mai girma daidai da wahalarsa. Kuma da ya dawo, wanda ya aike shi ne da kansa ya ɗumama shi. Duk mai aike a daren sanyi ya auna kansa da waɗannan ukun.

Akwai kuma hadisin Abu Huraira (RA) da ya umarci wanda mai yi masa hidima ya kawo wa abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafinsa da hayaƙinsa. Wanda ya sha sanyin abinci a kan hanya bai kasa wanda ya sha hayaƙinsa a murhu haƙƙi ba. Hadisin Abu Zarri (RA) kuma ya kira masu hidima ƴan uwa, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a taimaka musu.

Ɗaya gefen maganar

Wani zai ce: to ai shi ke nan, a daina oda duk ranar sanyi. Wannan ma yana da nasa nauyi. Mutumin nan ya fito ne don ya samu, kuɗin haya yana jiransa, a gida kuma ana jiran abin da zai aiko. Da yawansu sun fi samu a ranakun ruwa da sanyi, saboda oda tana yawa kuma kamfanoni kan ƙara lada. Tausayin da zai mayar da mutum gida hannu rabbana bai cika tausayi ba.

Amma kada a fake da cewa ai shi ya yarda. Yardar mai wadata daban, yardar wanda talauci ya kora waje daban. Malam Bahaushe ya ce jiki magayi: wanda yake zaune kusa da na'urar ɗumama ɗaki ba shi ne zai yanke hukuncin cewa sanyin waje ba komai ba ne.

Don haka lamarin hawa-hawa ne. Idan hukuma ta hana fita, ko ta yi shelar cewa hanya tana kisa, muridi ya haƙura, domin ƙa'idar da Imamu Malik ya ruwaito ta hana cuta da cutarwa ta rufe wannan ƙofa, sai fa mai larura ta haƙiƙa, kamar mara lafiya ko tsoho da babu komai a ɗakinsa. Idan sanyi ne mai tsanani amma hanya tana biyuwa, aike ya halatta tare da ladubbansa. Idan kuwa akwai shinkafa da taliya a ɗaki, rai ne kawai ya yi marmarin wani abu, to a nan ne aikin tarbiyya yake. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan karya sha'awar ciki, ya kuma ja hankali ga yawan hannuwan da suke wahala kafin burodi ɗaya ya iso gaban mai ci. Wanda yake iya tashi cikin dare ya ja carbi amma ba ya iya ce wa cikinsa ya dakata zuwa gobe, akwai sauran aiki a kansa.

Ladubban mai aike

Na farko, shiri tun kafin rana. A ƙasashen nan ana sanar da guguwa kwanaki kafin ta zo, mai hankali sai ya tanadi abin dafawa. Na biyu, ya zaɓi wurin abinci mafi kusa, kuma in ƴan uwa suna gida ɗaya su haɗa odarsu wuri guda, kada a yi sawu uku a inda ɗaya ya isa. Na uku, ya ƙara tukuici fiye da na kullum. Tukuici ba baƙon abu ba ne a tarbiyyar gida, domin uwa ba ta barin yaron da ya kawo kwano ya koma haka nan. Na huɗu, ya sauko ya tarbe shi a ƙofar gini, ya kunna fitila, ya share dusar da take bakin ƙofa, kada ya bar shi tsaye yana kiran waya da yatsun da suka ƙage. Na biyar, kada ya matsa masa da kira, kada ya rage masa tauraro don ya makara ko abinci ya huce. Waɗannan taurari suna shafar aikin da zai samu gobe, kuma shaida ce da za a tambayi mai ba da ita. Na shida, ya dube shi a fuska, ya yi masa sannu da sanyi, ya yi masa addu'a, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Muridi na gaskiya yana iya hawa sama da haka, ya zama shi ne mai ɗauka. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya iske wata mata da ƴaƴanta suna kukan yunwa a wani dare mai sanyi a bayan Madina. Ya koma ya ɗauko buhun gari da kitse. Yaronsa Aslam ya nemi ya karɓa masa, ya ƙi, yana tambayarsa ko zai ɗaukar masa nauyinsa ranar Ƙiyama. Sarkin Muminai ne ya zama ɗan aiken abinci a wannan dare. Ɗalibin da yake da ƙarfi, in ya dafa tukunya ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da take maƙwabtaka da shi a bene, ya hutar da wani ɗan keke, ya kuma shiga sahun ma'abota hidima.

Wanda yake gida ma bai fita ba

Babu dusar ƙanƙara a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, amma akwai hunturun Disamba da Janairu, da jaura mai tsaga leɓe, da hazon da yake rufe ido. Akwai ɗan kabu-kabu da ake kira da tsakar dare ya kawo tsire, a tsaya ana ja-in-ja da shi a kan dala ashirin. Akwai almajirin da ake turawa sayen ƙosai da koko da sanyin asuba, babu takalmi babu rigar sanyi, maigida kuwa yana cikin bargo. Ma'aunin Handaƙ yana aiki a nan ma: shin akwai larura, shin an cika lada, shin an lulluɓe shi da ya dawo?

Shehunai sun koyar da cewa muraƙaba ita ce bawa ya san Allah Yana ganinsa a kowane hali. Wanda Yake ganin muridi a ɗakinsa mai ɗumi, Shi ne Yake ganin ɗayan bawan a kan hanya, kuma babu shamakin waya tsakaninSa da su biyun. Zikirin da ya zauna a zuciya alamarsa ita ce yatsa ya ɗan dakata kafin ya danna.

Allah Ya kare duk wanda neman halali ya fitar da shi cikin sanyi, Ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya. Allah Ya sanya tausayin bayinSa a zukatan muridai, Ya yafe abin da aka tauye na haƙƙin ƴan aike, albarkar Shugaba (SAW). Amin.