Sojan da bai taɓa zubar da jini ba

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, sojan roba mai tsawon santimita 30, wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwasuwa. An guji kiransa ƴar tsana don kada yara maza su ƙyamace shi. Yau manya ne ke farautarsa wurin gwanjo, kuma mafi tsada shi ne wanda bai taɓa fita daga kwalinsa ba.

To, mene ne mai tara su yake adanawa? Kaki da hular kwano da bindiga duk suna nan tsaf. Abin da babu shi ne rauni, da tsoro, da uwar da ke jiran wasiƙa. Amurkawa kansu sun lura da wannan giɓi. Da talabijin ta shigo da yaƙin Biyetnam cikin ɗakunansu, kasuwar sojan ta ja baya, har a 1970 kamfanin ya mai da shi ɗan kasada mai ratsa dazuzzuka da tekuna.

Ban ce tarawar laifi ba ce. Galibi ƙuruciyarsa mutum yake nema cikin kwalin, kuma kyan aikin hannu ya cancanci yabo. Sai dai wanda ya jera sojoji a kan kanta ya ɗauki nauyi: ya san yaƙin da aka sa kakin nan dominsa, ya san waɗanda ba su komo gida ba, ya kuma faɗa wa yaron da ya tsaya kallo. In ya yi shiru, yaron zai tashi yana zaton yaƙi ado ne.