Kufai Ma Hujja Ne

Mazaunin Abuja ba ya yawan ganin kufai. Dokar da ta kafa birnin ta 1976 ce, gwamnati kuma ba ta tare ba sai a Disamban 1991, saboda haka kusan duk abin da ido zai faɗa a kai sabo ne. Shi ya sa nake ganin mu ne muka fi kowa bukatar zuwa inda wasu suka gina gari da irin wannan tabbaci, yanzu sai duwatsu. Timgad da ke Aljeriya misali ce. Sarkin Rum Tarajan ne ya kafa ta wajen shekara ta 100 don tsofaffin sojojinsa, aka zana titunanta a miƙe tun kafin a aza tubali, aka yi kasuwa da ɗakin karatu da dandalin wasa mai ɗaukar mutum kusan 3,500. Daga baya rairayi ya binne ta ƙarnuka. Wanda ya saba da tsarin Maitama da Asokoro zai gane wannan tunani da kallo ɗaya. Ba ma sai an tsallaka Sahara ba: Surame, birnin Sarki Kanta na ƙarni na 16, tana nan a Jihar Sakkwato da ganuwarta ta dutse, ba kowa a ciki.

Wasu malamai na ƙyamar irin wannan ziyara, kuma suna da madogara. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa a Hijr sai suna masu kuka, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Amma a lura da abu biyu. Samudawa mutane ne da nassi ya tabbatar an halaka su da azaba, alhali babu nassin da ya faɗi haka game da Timgad ko Surame, waɗanda yaƙi da sauyin mulki suka kashe. Sannan hanin ya zo da togiya, wato abin da aka tsawatar a kai shi ne halin zuciyar mai shiga. Alƙur'ani kansa, a farkon Suratur Rum, ya zargi masu ratsa ƙasa ba su duba ƙarshen al'ummomin da suka fi su ƙarfi da gine-gine ba. Yaya za a duba abin da aka ƙi zuwa wurinsa, ko aka bari ya zube?

Akwai kuma tsoron shirka, ganin cewa kufan Rum cike suke da ɗakunan bauta da gumaka. Gunkin da ba mai yi masa sujada shekara dubu da ɗoriya shaida ne a kan masu shi, kuma sahabban da suka ci Masar tare da Amru ɗan Asi ba su rushe dalolin Fir'auna ba.

Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne kan maziyarcin da ke zuwa ɗaukar hoto kawai, ya jingina da ginshiƙi yana murmushi, bai tambayi su wa suka sassaƙa dutsen ba, bayi nawa suka ja shi. Wannan kam ya shiga cikin waɗanda aka zarga. Sai dai gyaransa ilimi ne da jagora nagari, kuma nan aiki ya koma kan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, da malaman da za su iya sa Surame cikin darasin tafsiri.