Ɗana Mai Walda, Kada Ka Karɓi Wannan Aikin

Ɗana, kashe injin nan ka zo ka zauna. Labari ya iske ni cewa wani ya shigo shagonku a Sabon Tasha da hoto a waya, yana so a haɗa masa salansa a bakin wata bindiga mai siririn bututu, har da cewa kuɗi ba matsala ba ne. An ce ba ka amsa ba, ba ka kuma ƙi ba, ka dai ce ya dawo jibi. Wannan jibin ne ya hana ni barci.

Na san abin da ya ruɗe ka. Kullum salansar babur da ta janareta kake liƙewa, sai ka ga ai duk ƙarfe ne. Dangi ne kam: Ba'amurken nan Hiram Percy Maxim, wanda ya yi rajistar salansar bindiga a 1909, kamfaninsa ya ƙera ta injuna ma. Amma hayaƙin babur daban, harsashi daban. Siririn bututu ba shi da kaurin da za a taɓa. In ka rage shi, ka raunana shi a hanyar da wuta ke bi. In ka rataya masa nauyi a baki, saiti ya kauce. In kuwa aka samu 'yar karkatar da ido ba ya gani, harsashi zai daki cikin salansar, ƙarfe ya tarwatse kan duk wanda ke kusa. Ka taɓa gaisawa da tsohon mafarauci ka ji yatsu uku a tafinka? Ni na taɓa. Bindigar toka ce ta fashe masa.

Shirun da kake gani a fim kuma ƙarya ne. Ƙarar babbar bindiga takan kai desibel 160, salansa ba ta cika rage fiye da 20 zuwa 35 ba. A Finland da Norway mafarauta na sa ta don kare kunnuwansu, ƙirar masana'anta, bisa dokar ƙasarsu. Mu ba can muke ba.

A Chikun muke, inda aka kwashi ɗaliban Jami'ar Greenfield a Afrilun 2021, da na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, da yaran Kuriga a Maris ɗin 2024. Tsoron da ya sa mutane neman abin kare kai gaskiya ne, ni ma da shi nake kwana. To amma ka yi tunani. Ɗan sintiri in ya ga motsi da dare, usur yake busawa, a buga ƙarafa, don unguwa ta farka. Mai kare gida so yake kowa ya ji. Wanda ke neman ya yi harbi maƙwabci bai ji ba, me yake shirin yi, kuma wa zai yi wa? Wataƙila ma a layinku ne.

Ga kuma hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta sai da izini. Ƙirar makaman gwamnati aikin DICON ne, nan Kakuri, tun 1964. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Ranar da aka damƙe mutumin nan, tambayar farko ita ce wa ya yi masa aikin, kuma da yatsa zai nuna ƙofarku.

In ya dawo, kada ka tsaya gardama, kada ka taɓa ko da kafin alƙalami. Ce masa ba aikinmu ba ne. Daga nan ka gaya wa maigidanka, ku je tare wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. In kuɗi ne ya matse ka, ka zo gida da yamma. Ƙofar gidana ta ƙarfe ta daɗe tana neman gyara.