Wa ya gama tuwon?

Ranar hutu a gida Maradi, ƙanwata ta leƙo ɗaki ta ce: "Yaya, Inna ta gama tuwo." Na tashi na wanke hannu. Bayan sallar isha'i ta dawo: "Baba ya gama tuwo." Sai na je ɗauko kwano. Jimla ɗaya ce, amma ta farko na ji tuƙi, ta biyu na ji ci.

A ajin kimiyyar harshe, wannan wata irin kinaya ce. Kalmomi kamar "fara" da "gama" aiki suke nema, sai mu miƙa musu suna, mai sauraro ya cike gurbin da kansa. James Pustejovsky, a littafinsa na 1995, ya ce amsar tana cikin sunan: kowane suna yana ɗauke da yadda aka samar da abin da kuma amfaninsa. Tuwo tuƙa shi ake yi, don a ci. Wasu masana suka ce ƙamus kaɗai bai isa ba, sai da mahalli. In an ce akuya ta fara littafinka, ai ba karatu take ba.

To ni me ya zaɓar mini? Kalmar "tuwo" ta ba ni hanya biyu, ni na tura Inna madafa, na zaunar da Baba kan tabarma. Ban taɓa jin "Inna ta gama tuwo" na ɗauka ta ci ta ƙoshi ba. A daren nan ma, wallahi ban tambaya ko ta ci ba.