Kunnenka ya isa ya riƙe saba

Ɗan'uwa mai lalurar gani a Anguwan Rukuba ta Jos, da ke 'yar'uwa, ga sana'ar da nake so ku kama hannu bibbiyu: kula da kwamfutocin ma'aikata. Kai ne za ka buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ka sabunta kalmar sirrin wanda ya manta, ka adana kwafin bayanai kowane dare, ka tada saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, idan ta tsaya ana tsakar aiki.

Kada wani ya ce maka sai mai ido. Yawancin sabobin da ke riƙe da intanet da Linux suke aiki, kuma rubutu ne zalla, babu hoto. Mai idon ma ba gabansu yake zama ba. Daga nesa yake shiga ta SSH, ya buga umarni, amsa ta dawo layi-layi. Abin da ya karanta, kai za ka saurara. Ka buga df, murya ta gaya maka kashi nawa na ma'ajiya ya cika. Ka bi kundin abin da ya gudana har ka ji layin da matsalar ta fara. Kunnen da ke tsallakar da kai mahaɗar Anguwan Rukuba, yana rarrabe ƙarar keke da ta tifa, ba zai gaza a nan ba.

Manhajar da za ta karanta maka ma makafi ne suka gina ta. Michael Curran, ɗan Ostireliya, ya fara NVDA a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, kuma har yau kyauta ce. A jiharmu kuwa, tun 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta farko a Nijeriya, Jami'ar Jos kuma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Wahala tana nan, ba zan ɓoye maka ba. Kwamfutar da ta ƙi tashi ba ta magana, nan sai ka ari idon abokin aiki na ɗan lokaci, kuma babu kunya a ciki. Ga ɗauke wuta, ga tsadar data. Mafi ciwo shi ne mai ɗaukar aiki da ya ga farar sanda ya yanke hukunci kafin ka buɗe baki. To, kada ka tsaya roƙo. Je da kwamfutarka, ka zare abin kunne, ka bar shi ya ji muryar na gudu kana gyara saba a gabansa. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna maka wariya, ta kuma ware wa masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Haƙƙinka ne, ka neme shi da murya.

Sauke NVDA a wannan makon. Ko tsohuwar kwamfutar aro ce ta wadatar. Haddace madannai har yatsunka su daina lalube, sannan ka shiga Linux, umarni ɗaya kowace rana.